A tuna da Cyrille Regis, da abin da ya yi wa yaran da ke bayansa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani mutum da ya rasu ranar 14 ga Janairun 2018 yana da shekara 59, wato Cyrille Regis, tsohon ɗan wasan gaba na West Bromwich Albion da Coventry City da tawagar Ingila. Na san da yawa daga cikin masu karanta shafinku na wasanni ba su taɓa jin sunansa ba, ko da kuwa za su iya jero maka 'yan wasan Arsenal sha ɗaya ba su ja numfashi ba. Ba laifinsu ba ne, domin ya rataye takalmansa tun 1996, kafin a haifi yawancinsu. Ni kuwa neman abinci ya zaunar da ni a yankin da ya yi rayuwarsa, tsakiyar Ingila kusa da Birmingham, inda har gobe in ka ambaci sunansa a gaban dattijo baƙar fata sai ka ga ya gyara zama.

An haife shi ranar 9 ga Fabrairun 1958 a Maripasoula, wani ƙaramin gari a cikin dajin Guiana ta Faransa, a Kudancin Amurka. Mahaifinsa mutumin tsibirin Saint Lucia ne. Yana ɗan shekara biyar, a 1963, aka kawo shi Landan, ya tashi a unguwar Stonebridge da ke arewa maso yammacin birnin. Babu wata babbar ƙungiya da ta ɗauke shi yana yaro. Da ya gama makaranta sai ya koyi aikin wayarin har ya samu takardar shaida. Ranakun mako yana wurin aiki yana jan waya, ranar Asabar kuma ya buga wa ƙananan ƙungiyoyin da ba na ƙwararru ba, Molesey da farko, sannan Hayes.

A nan ne wani mutum mai suna Ronnie Allen ya gan shi. Allen tsohon ɗan wasan West Brom ne da ƙungiyar ta ɗora wa aikin nemo mata sababbin 'yan wasa. Da ya koma ya ce a sayi yaron, shugabannin ƙungiyar suka yi ta jan ƙafa, don ba su ga dalilin kashe kuɗi a kan mai wayarin da ba wanda ya sani ba. Allen ya ce in ba za su biya ba shi zai biya daga aljihunsa. A watan Mayun 1977 aka saye shi a kan fam 5,000, da alkawarin ƙarin wasu 5,000 in ya buga wasa 20. Wasansa na farko, da Rotherham a Kofin Lig, ya ci biyu. Shekara na zagayowa 'yan wasan Ingila suka zaɓe shi gwarzon matashin ɗan wasa na 1978. Ina so mai karatu ya riƙe wannan labari na Allen, domin a ganina shi ne tushen duk abin da Regis ya yi daga baya. Mutum ɗaya ne ya tsaya masa a lokacin da bai da kowa a harkar, kuma bai manta ba.

Sai an san yankin da ya faɗo ciki kafin a gane nauyin abin da ya ɗauka. Filin West Brom, wanda ake kira The Hawthorns, yana kan iyakar Smethwick da Handsworth. Smethwick ce mazaɓar da aka yi yaƙin neman zaɓe na ƙin baƙi ƙuru-ƙuru a 1964, abin da ya sa Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata na Amurka, da kansa ya zo ya taka wani layi na garin a Fabrairun 1965, kwana tara kafin a kashe shi a Amurka. A Birmingham ne Enoch Powell, ɗan majalisa daga Wolverhampton, ya yi jawabinsa na 1968 da ya zuga mutane a kan baƙin haure. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 'yan jam'iyyar National Front, masu aƙidar ƙin baƙi, suna tsayawa a ƙofar filayen ƙwallo suna sayar da jaridunsu suna ɗibar matasa. A cikin wannan yanayi ne West Brom ta fara sa baƙaƙe uku a fili lokaci guda: Regis, da Laurie Cunningham mai gudun gefe, da Brendon Batson mai tsaron baya, haifaffen Grenada, wanda koci Ron Atkinson ya zo da shi daga Cambridge a 1978. Atkinson ya yi musu laƙabi da Three Degrees, sunan wata ƙungiyar mawaƙa mata uku baƙaƙe ta Amurka da ke tashe a lokacin.

Akwai wani dattijo da muka yi aiki tare, iyayensa 'yan Jamaika ne, a Handsworth ya girma. Ya ce min a waɗancan shekaru uwarsa ba ta barinsa zuwa kallon ƙwallo, domin yaro baƙi a cikin 'yan kallo neman tsautsayi ne. Sai dai ya jira dare a nuna guntayen wasannin a talabijin. Ya ce ranar da West Brom ke wasa, shi da ƙannensa har da babansu, wanda ƙwallo ba ta dame shi ba, dukansu a gaban akwatin suke. Abin da suke gani kuwa ba daɗi ne zalla ba. Da zarar ɗaya daga cikin ukun ya taɓa ƙwallo sai dubban mutane su ɗauki kukan biri, ana jefo ayaba cikin fili. Alƙalin wasa ba ya tsayar da wasa, 'yan sanda na tsaye suna kallo, jaridu kuma washegari su yi kamar ba su ji ba. Ya ce min, "Duk abin da ake yi mana a makaranta da bakin titi, shi ake yi musu a gaban duniya. Bambancin kawai, su suna da raga a gabansu."

Wasan da tsofaffin magoya baya suka fi ambata shi ne na ranar 30 ga Disambar 1978 a Old Trafford, inda West Brom ta ci Manchester United 5 da 3. Hoton wasan yana nan a intanet, kuma ina ba duk mai son ƙwallo shawara ya nema ya kalla da sauti a buɗe. Za ka ji ihun da ake yi wa Cunningham duk lokacin da ƙwallo ta zo ƙafarsa, har mai sharhin talabijin ya kasa daurewa ya ambata, abin da ba a saba ba a lokacin. Za ka kuma ga yadda ya riƙa ratsa 'yan bayan United, da yadda Regis ya narka ƙwallo ta biyar. A kakar nan West Brom ta ƙare a matsayi na uku a gasar ƙasa, ta kuma fitar da Valencia ta Mario Kempes a Kofin UEFA.

A wancan zamani akwai wata magana da masu horarwa da shugabannin ƙungiyoyi ke faɗa ba kunya: wai baƙar fata yana da gudu da salo amma ba shi da zuciya, wai in sanyi ya shigo fili ya caɓe da laka sai ya ɓace. Regis ƙaƙƙarfa ne mai faɗin ƙirji, kuma a tsakiyar gaba yake tsayawa, inda ake shan gwiwar hannu da taka. Ƙwallonsa da BBC ta zaɓa mafi kyau a kakar 1981/82, wadda ya ci Norwich a Kofin FA a watan Fabrairu, tsakiyar hunturu ke nan, ya tare ta da ƙirji a kusa da tsakiyar fili, ya juya ya wuce 'yan baya, ya sake ta daga nesa. Ƙwallo 112 ya ci wa West Brom. Bayan haka duk kocin da zai sake maimaita waccan magana sai ya fara duba ko wa ke kusa.

A Fabrairun 1982 aka kira shi babbar tawagar Ingila, ya zama baƙar fata na uku da ya buga mata bayan Viv Anderson da Cunningham. Da ma yana da damar buga wa Faransa saboda inda aka haife shi, amma ya zaɓi ƙasar da ya girma a ciki. Kafin wasan farko, da Ireland ta Arewa a Wembley, aka aiko masa da ambulan ta gidan waya. A ciki akwai harsashi da 'yar takarda mai cewa in ya kuskura ya taka ciyawar Wembley, irin wannan zai shiga gwiwarsa. Ya je ya buga. Harsashin kuma ya ajiye shi har ƙarshen rayuwarsa, yana cewa yana tuna masa irin muguntar da ke cikin zukatan wasu mutane. Wasa biyar kacal ya buga wa Ingila tsakanin 1982 da 1987, kuma ni dai ina cikin masu ganin an tauye shi.

A nan nake so in ɗan tsaya, Malam Edita, don akwai yadda ake ba da labarinsa da ba na jin daɗi. Za ka ji ana cewa Regis bai taɓa fita daga fili don an zage shi ba, bai rama ba, ƙafarsa kawai ya bari ta yi magana, saboda haka yaran yau da ke ƙorafi su yi koyi da shi su yi shiru. Gaskiya ne ya sha faɗa cewa fushin da ke cinsa yake juyawa ya zama ƙarfin wasa. Amma wace hanya ce ta rage masa? Babu dokar da ta hana waƙar wariyar launin fata a filin ƙwallo a Ingila sai a 1991. Ƙungiyar Kick It Out, mai yaƙi da abin, sai a 1993 aka kafa ta. Da ya fita daga fili a 1978, shi za a hukunta, a kuma ce ga shi nan, da ma mun faɗa ba su da zuciya, ƙofar da ya fara buɗewa ta rufe a fuskar waɗanda ke tafe. Haƙurinsa na wanda aka toshe wa kowace hanya ne, kuma ya yi shi ne don kada na baya su sha irinsa. Wanda ya ɗauki wannan haƙuri ya mai da shi sandar dukan yaron da ya ƙi yarda a kira shi biri, ya ci amanar Regis.

A 1984 ya koma Coventry City, kuma a can ya ɗauki kofi ɗaya tilo na rayuwarsa, Kofin FA na 1987, da suka ci Tottenham 3 da 2 a Wembley ɗin nan da aka ce kada ya taka. Daga nan Aston Villa, Wolves, Wycombe, Chester, ya ajiye wasa yana da shekara 38. Wannan duk yana cikin kundin tarihi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ke faruwa da shi a wajen fili a waɗannan shekaru, wanda shi da kansa ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2010. Bai ɓoye ba cewa suna da kuɗi sun ja shi ga giya da neman mata da kwanan gidan rawa, har aurensa na fari ya mutu. Sai ranar 15 ga Yulin 1989 amininsa Laurie Cunningham, wanda Real Madrid ta saya a 1979, ya mutu a hatsarin mota a Madrid yana da shekara 33. Shekara biyu kafin nan su biyun sun yi wani hatsarin tare sun fita da rai. Mutuwar ta girgiza shi. Ya ce ya dubi duk abin da Laurie ya tara, suna da motoci da kuɗi, ya ga ba abin da ya bi shi. Daga nan ya rungumi addininsa na Kirista hannu biyu, ya sauya rayuwa. Ni Musulmi ne, amma na san tuba in na gan ta, kuma na san ba kowane shahararre ne zai tsaya gaban yara ya ce musu ga inda na ɓata ba.

Bayan ya bar wasa ya koma West Brom ya yi 'yan shekaru yana horar da 'yan wasan da ke jiran shiga babbar tawaga, yawancinsu matasa. Daga baya ya zama dillalin 'yan wasa. Na san abin da mai karatu zai ce, domin sana'ar ba ta da kyakkyawan suna, kuma da dalili: da yawa cikinsu kamisho kawai suke hange, yaro in ya karye ko tauraronsa ya dushe ba za su ƙara ɗaukar wayarsa ba. Regis ya ɗauki aikin a matsayin reno da jagora, kuma shaidar da waɗanda suka bi ta hannunsa suka bayar bayan rasuwarsa ta tafi a kan haka. Misali mafi kusa shi ne ɗan 'yar'uwarsa, Jason Roberts. Manyan ƙungiyoyin Landan sun gwada shi yana yaro ba su riƙe shi ba, ya koma aikin ofis. Kawun nasa ne ya nema masa gwaji a Hayes, ƙaramar ƙungiyar da shi ma ya fito daga cikinta. Daga nan Roberts ya hau har ya buga gasar Firimiya da West Brom da Wigan da Blackburn da Reading, sannan a 2007 ya kafa gidauniyarsa da ke aiki da yara a yankin Brent na Landan da kuma Grenada. Abin da Ronnie Allen ya yi wa Regis, Regis ya yi wa Roberts, Roberts kuma yana yi wa wasu.

Bari in faɗi dalilin da ya sa wannan ɓangare na rayuwarsa ya fi taɓa ni fiye da ƙwallayen. A Ingila manyan ƙungiyoyi suna ɗaukar yara tun suna shekara tara su sa su a makarantunsu na horo. Alƙaluman da aka saba ambatawa a nan sun nuna cewa cikin irin waɗannan yara, waɗanda ke kai wa ga cin abinci da ƙwallo ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Sauran ana sallamarsu, wasu a shekara 12, wasu 16, wasu 18. Ɗana yana cikin sauran. Shekaru muka yi ina kai shi atisaye da yamma bayan na tashi aiki, cikin ruwa da sanyi, yana cin abincin dare a mota yana aikin gida a kan cinyarsa. Ranar da aka sallame shi, an kira mu wani ɗan ofis, aka yi mana godiya cikin ladabi, aka ce ba ya cikin tsarinsu na gaba. Shayin da aka ba ni bai huce ba muka fito. Yaron da tun yana firamare kowa a makaranta ke kiransa ɗan ƙwallo ya wayi gari bai san ko shi wane ne ba. Ya daina fita, ya daina cin abinci da mu, makarantar ma da ƙyar. Ni ubansa ne, na yi nasiha na yi lallashi, amma a idonsa ni ban san abin ba, domin ban taɓa sa rigar wata ƙungiya an tuɓe min ba.

Wanda ya ciro shi wani tsohon ɗan wasa ne da bai taɓa yin suna ba, yana horar da yaran unguwa kyauta ranar Lahadi. Bai yi masa alkawarin mayar da shi ko'ina ba. Ya dai riƙa kiransa, ya ba shi ƙananan yara ya koya musu, ya gaya masa yadda shi ma aka sallame shi da abin da ya yi da kansa bayan nan, mai kyau da marar kyau. Wannan mutum ne ya fara ba ni labarin Regis ta wannan fuska. Ya ce a zamaninsu, in kai baƙi ne kana ƙwallo a wannan yanki, kana da inda za ka duba. Tun daga lokacin na fahimci cewa irin wannan aiki, wanda ba a nuna shi a talabijin, ba a kuma rubuta shi a jadawalin ƙwallaye, shi ne ke raba yaron da ya miƙe da wanda ya lalace. Regis ya yi kusan shekara 20 yana yinsa, alhali da sunan da yake da shi zai iya zama a ɗakin sharhi ya karɓi kuɗinsa ya koma gida.

Hidimarsa ba ta tsaya a ƙwallo ba. Shi da matarsa Julia sun yi aiki da ƙungiyar WaterAid mai samar da ruwan sha, har suka je Habasha a 2007 suka ga ƙauyukan da ake aikin. A 2008 Sarauniya ta ba shi lambar girma ta MBE saboda aikin sa-kai da kuma ƙwallo.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi farat ɗaya. A kwanakin da suka biyo baya an ga manyan maza irin su Dion Dublin da Brian Deane, tsofaffin 'yan wasa baƙaƙe da suka biyo bayansa, suna magana a kafafen labarai hawaye na hana su ƙarasawa. Andy Cole, tsohon ɗan wasan Manchester United, ya rubuta cewa Regis ne gwarzonsa, kuma shi ne dalilin da ya sa ya so buga ƙwallo. Ranar 30 ga Janairun 2018 aka yi taron bankwana da shi a The Hawthorns, Batson da Jason Roberts suka yi jawabi. A Mayun 2019 aka buɗe mutum-mutumin su ukun a tsakiyar garin West Bromwich, suna murnar cin ƙwallo, kuma Batson ne kaɗai cikinsu ya ga ranar. Nakan wuce ta wurin in na shiga gari. Yana da kyau, ban raina ba, amma tagulla ba ta ɗaukar waya in yaro ya kira da dare. Abin da ya fi kama da mutumin shi ne gidauniyar da iyalinsa suka kafa da sunansa, Cyrille Regis Legacy Trust, da shirinta mai suna Strike a Change, wanda ke haɗa kai da ƙungiyoyin yankin, West Brom da Villa da Birmingham City da Coventry da Wolves da Walsall, ana tattaro yaran sakandare masu son ƙwallo waɗanda karatu ya fara kuɓuce musu, ana haɗa su da manya masu yi musu jagora. Ƙungiyoyin nan abokan gaba ne a fili, magoya bayansu ba sa ga maciji, amma sunan mutum ɗaya ya zaunar da su a tebur guda.

Kada a ɗauka yaƙin ya ƙare. A Yulin 2021, da Ingila ta sha kashi a hannun Italiya a bugun fenariti a wasan ƙarshe na kofin Turai, a Wembley ɗin nan dai, Marcus Rashford da Jadon Sancho da Bukayo Saka ne suka ɓarar, kuma kafin gari ya waye an cika shafukansu da hoton biri da ayaba. Saka yana da shekara 19 a lokacin. Abin da ya bambanta da 1982 shi ne wannan karon an yi ca a kan masu zagin, an kama wasu an gurfanar da su, jama'a kuma suka lulluɓe hoton Rashford da aka ɓata a Manchester da saƙonnin ƙauna. Akwai kuma ƙofar da har yanzu a rufe take. Wani rahoto da ƙungiyar Black Footballers Partnership ta fitar a 2022 ya nuna kashi 43 cikin ɗari na 'yan wasan Firimiya baƙaƙe ne, amma a kujerun masu horarwa rabonsu bai wuce kashi 4 da ɗoriya ba. An yarda da ƙafarsu, ba a gama yarda da kansu ba. Wannan ya shafi yara kai tsaye, domin koci da shugaban makarantar horo su ne ke yanke wa yaro hukunci a wancan ɗan ofis da na ambata.

Regis kuma ba shi ne farkon baƙin da ya taka fili a Ingila ba, kuma yadda na gabansa suka ƙare yana nuna abin da ke faruwa in babu mai riƙe hannun wani. Arthur Wharton, haifaffen Accra a 1865, mai tsaron raga da ake ɗauka shi ne baƙar fata na farko da ya zama ƙwararren ɗan ƙwallo, ya ƙare yana aiki a mahaƙar kwal, ya mutu a 1930 ba shi da komai, kabarinsa ba ko alama sai a 1997. Jack Leslie na Plymouth Argyle an sa sunansa a tawagar Ingila a 1925, sai sunan ya ɓace daga jerin kafin ranar wasa, ya ƙarasa rayuwar aikinsa yana gyara wa 'yan wasan West Ham takalma. Sai a 2022, shekaru da dama bayan mutuwarsa, hukumar ƙwallon Ingila ta amince an zalunce shi ta ba shi hular girmamawa, irin wadda ake ba wanda ya buga wa Ingila wasa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, guda biyu ne. Shafinku na wasanni yana ƙoƙari wajen kawo sakamako da cinikin 'yan wasa, wane ya koma ina a kan fam miliyan nawa. Ina so a riƙa ware ko da rabin shafi lokaci-lokaci a kawo tarihin mutane irin su Regis da Cunningham da Batson da Anderson da Wharton da Leslie da Hausa, da shekaru da sunayen wurare, yadda mai karatu zai iya bin sawu ya nemi ƙari. Na biyu, in za ku rubuta labarin yaron da ya sa hannu a kwantiragin farko a wata babbar ƙungiyar Ingila, ku ƙara sakin layi ɗaya a kan sauran da aka sallama a makon nan, da waɗanda ke tsaya musu bayan an sallame su. Iyaye da yawa da ke karanta ku suna da ɗa mai wannan buri, kuma ya kamata su san yadda lissafin yake tun kafin a kira su ofis.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Wani uba mai karanta ku daga yankin West Midlands, Ingila